Ranar da Na Kayar da Kawuna a Hisabi

Shekarun baya, lokacin da nake saurayi ina aikin awo a Nguru, na yi muhawara da kawuna a kan lissafin haruffa, na kuma ci nasara a gaban mutane. Yau na tsufa, kusan duk waɗanda suka zauna a zauren nan a ranar sun riga mu gidan gaskiya, amma har yanzu in na tuna nasarar sai in ji abinci ya fita raina.

A Gashuwa aka haife ni. Kakanninmu daga Haɗeja suka zo da fatauci, suka ga wurin ya karɓe su, suka zauna. Ina ɗan shekara shida mahaifina ya tashi zuwa Makka a ƙasa, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Nguru ba. Haka talaka yake zuwa hajji a zamanin. Ya bi ayari ya yi gabas, ya ratsa Chadi ya shiga Sudan, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma ko dako, sannan ya ƙara gaba. Wani ya dawo bayan shekara uku, wani bakwai, wani kuma shi ke nan. A shekara ta biyu wani mai dawowa ya ce ya ga mahaifina a wani gari cikin Sudan, lafiyarsa ƙalau, yana gaishe mu. Daga wannan gaisuwar ba mu sake jin komai ba.

Ni da mahaifiyata sai muka koma gidan yayanta, wato kawuna. Kanwa da gishirin mangul yake sayarwa a kasuwar Gashuwa, Fulani masu shanu su ne manyan abokan cinikinsa. Ba babban malami ba ne, shi ma bai taɓa cewa shi malami ne ba, amma ya yi karatu daidai gwargwado, kuma Allah ya jarabce shi da son hisabi. Ga wanda bai sani ba, a wannan ilimi kowane harafin Larabci yana da adadinsa: alu ɗaya, harafin ba biyu, jim uku, haka har a kai dubu. A haɗa adadin haruffan kalma, a ce wannan ne nauyinta. Kawu bai iya jin suna ya bar shi ba. Ko a rumfa yake, in baƙo ya faɗi sunansa, sai ka ga leɓɓansa suna motsi, babban yatsansa yana bin gaɓoɓin sauran yatsun. Mutane kan zo su tambaye shi ranar da ta dace a kafa gini, ko wane suna ne zai yi wa jariri sauƙi. Ko goro ba ya karɓa. Shi dai a bar shi ya lissafa.

A ƙasan zaurensa ya koya mini abajada, wato jerin haruffan da adadinsu, da yatsa a kan rairayi. In na yi daidai ya ce, "Ɗana, kanka na lissafi ne." In na yi kuskure ya share da tafin hannu, in sake. Duk abin da na ci da lissafi a rayuwata daga wannan rairayin ya fara.

Akwai kuma wani abu da ake yi a gidanmu sau ɗaya a shekara. Ranar cika-ciki, goma ga watan farko, bayan baƙi sun watse, Kawu yakan shiga cikin gida ya zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyata. Ya baje rairayi, ya ambaci sunan mahaifina da na mahaifiyarsa, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi yana rubuta adadinsu. Ya ƙara adadin ranar da shekara ta kama, sannan ya riƙa zubar da tara-tara har ya ga abin da ya saura. Kowace saura tana da gidanta. Ya taɓa gaya mini cewa biyar gidan tafiya ne, uku gidan labari, takwas kuwa gidan ƙasa ne, ba a son a faɗa cikinsa. In ya gama sai ya ɗago ya ce, "Yana raye." Wata shekarar ya ƙara da cewa akwai ɗan ƙunci a inda yake, a yi sadaka. Mahaifiyata ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta tashi ta ci gaba da aikinta. Tun da jimawa alƙali ya aiko mata cewa shari'a ta ba ta dama ta yi idda ta yi wani auren, manema kuma sun zo, har da wani mai raƙuma daga Yusufari. Duk ta ce a'a.

Da na kai shekara ashirin wani ɗan'uwanmu ya samo mini aiki a Nguru, a rumbun wani kamfani da ke sayen gyaɗa da ƙaro kusa da tasha. Ni ne mai karanta sikeli. Ban daɗe ba na sayi agogon hannu, na soke alƙalami a aljihun gaba, na fara jin cewa duk abin da ba a ɗora shi a sikeli ba zance ne kawai.

A nan na haɗu da abokina. Tela ne, kekensa yana wata rumfa a bakin hanyar tasha. Ya girme ni da kaɗan, ya yi shekaru yana karatu a Kano, yana kuma da littattafai bugun Masar da yake ajiyewa cikin akwatin ƙarfe tare da yadin mutane. Bayan la'asar nakan je in zauna a wurinsa, yana taka keke muna hira. Wata rana, don in burge shi, na lissafa masa adadin sunansa a ka. Ya tsayar da keken ya dube ni.

"Da wane lissafin ka yi?"

Na ce, "Lissafi nawa ne? Abajada ai ɗaya ce."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani littafi ya nuna mini jeri biyu a shafi ɗaya. Ya ce mu nan ƙasar da jerin Magariba, wato na Larabawan yamma, muke lissafi, mutanen Masar da Makka kuwa da na gabas, kuma haruffa shida ne ba su yi daidai ba a tsakani. Harafin sin da na taso na sani ɗari uku, a can sittin ne. Ya ce in gwada da Bisimilla. Na lissafa da namu, ta ba ni dubu ɗaya da ashirin da shida. Na lissafa da nasu, ta ba ni ɗari bakwai da tamanin da shida.

Ya ce, "To ka gani. Kalma ɗaya, nauyi biyu. In an kawo maka buhu ɗaya sikeli biyu suka ba ka awo biyu, me za ka ce?"

Na ce ɗaya a cikinsu ya lalace.

"Ko duka biyun," in ji shi, ya ci gaba da ɗinki.

Mun yi makonni muna wannan magana. Da farko ina kare Kawu. Na kawo masa sammai bakwai da ɗawafi bakwai da salloli biyar, na ce ba a banza aka zaɓi waɗannan adadi ba. Ya ce bai musa ba, amma waɗannan an gaya mana su ne, mu kuma muka bi. Ɗaukar sunan mutum a ce an gano abin da ke ɓoye game da shi, wannan wani abu ne dabam, kuma gaibu na Allah ne. Daga ƙarshe na ba shi labarin mahaifina da abin da ake yi ranar cika-ciki. Sai ya tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce goma sha bakwai.

"Shekara goma sha bakwai ana zubar da tara, bai taɓa faɗawa takwas ba ko sau ɗaya?"

Da na koma masauki na zauna na yi lissafin shekarar da za ta kama, don akwai sin a sunan mahaifina. Da namu ya ba ni biyar. Da na gabas ya ba ni takwas.

Ba tsoro na ji ba, domin a lokacin na riga na daina yarda da gidajen. Fushi na ji. Na tuna mahaifiyata tana ƙuruciyarta, da manemanta da ta kora, da yadda take leƙa ƙofa duk sanda aka ce alhazai sun sauka a gari. Na ce a raina Kawu ya ɗaure ƙanwarsa shekara goma sha bakwai da zane a kan rairayi. Na gaya wa abokina zan je Gashuwa cika-ciki in warware wannan magana. Ya ce, "Ka je, amma ka same shi shi kaɗai. Babba ne." Na ce to. Na kuma ari littafin.

Motar da na hau ta kafe a yashi sau uku kafin mu wuce Jajimaji, kowane karo mu sauka mu tura. Na isa Gashuwa da farar rigata ta koma ja, amma littafin yana naɗe cikin tsumma a ƙirjina, ko ƙura bai taɓa ba. Kawu ya yi murna da ganina ƙwarai. Ya riƙe hannuna yana juya agogon, yana tambaya ko shi ma da sittin-sittin yake tafiya, ya ce ka ga, ko Nasara bai tsere wa adadi ba.

Washegari bayan la'asar zaure ya cika. An ci tuwo da naman kai, an kawo goro. Akwai maƙwabta, da 'yan kasuwa, da Fulani biyu da suka kwana don sayen kanwa, da wani Goni, Babarbare daga Machina, tsohon abokin Kawu da ba ya fashin zuwa kowace shekara. Hira ta zagaya ta zo kan sabuwar shekara, wani ya ce Kawu ya duba musu ko za a yi ruwa. Kawu ya gyara zama ya fara baje rairayi. Nan na manta da abin da abokina ya ce.

Na ce, "Kawu, ina da tambaya. Sin nawa ne?"

Ya yi murmushi. "Kai da na koya wa? Ɗari uku."

"A Makka sittin ne."

Na warware littafin na miƙa wa Goni, don na san shi ne mai ido a kan bugun Masar. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya duba, ya ce haka ne, haka mutanen gabas suke lissafi. Na tashi na tsuguna a tsakiya na yi musu lissafin Bisimilla da jeri biyun, ina ɗaga murya kamar ina kiran awo a rumbu.

Kawu bai ruɗe ba. Ya ce, "Ɗana, mudun Gashuwa da na Nguru ba ɗaya ba ne, kai ma ka sani. Kowane gari da abin awonsa, amma duk hatsi ake aunawa. Mu da wannan muka gada, da shi malamanmu suka rubuta shekarun waƙoƙinsu, bai kuma ɓatar da su ba."

Na ce, "Mudu ya bambanta, amma ba ya mai da gero dawa. Naku lissafin kuwa wannan ya ce fari, wancan ya ce baƙi."

Wani ya yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa zuga ni.

Kawu ya ce, "Kana nufin adadi ba shi da sirri? Me ya sa aka ce mu kewaya Ɗaki sau bakwai, ba shida ba? Me ya sa tasbihi talatin da uku? Wanda ya halicci komai da ƙididdiga, ka ce ya bar haruffan da ya saukar da maganarsa da su haka nan babu awo?"

Na ba shi amsar abokina kalma da kalma, kamar ni na haife ta. Na ce bakwai ɗin an gaya mana, mun ji mun bi, amma wa ya gaya mana cewa biyar gidan tafiya ne? A wace aya? Daga bakin wa? Goni ya sa baki, ya ce a ganinsa amfani da haruffa don riƙe shekara ko ƙidaya wuridi ba laifi, inda ake jin tsoro shi ne a ce an san gobe. Ya faɗi haka ne don ya ba mu duka hanyar sauka. Kawu ya karɓa, ya ce, "Goni ya raba gardama. Allah shi ne masani." Ya kai hannu zai share rairayin.

Da na tsaya a nan, da muhawara ce kawai irin wadda ake yi a kowane zaure, a tashi a yi magariba a manta.

Na ce, "Saura ɗaya, Kawu. Lissafin da za ka shiga ciki ka yi in an watse."

Fuskarsa ta canja. Ya ce a hankali, "Wannan ba ta zaure ba ce. Bari sai mun shiga."

Na ce ai gara a yi a gaban shaidu. Na share wuri, na rubuta sunan mahaifina da na kakata, ban furta ba, amma duk wanda ya iya karatu a wurin ya gani. Na yi lissafin farko na ce, "Biyar. Yana kan hanya." Na yi na biyu. "Takwas. Kawu, kai ka gaya mini gidan mene ne takwas. Mutumin nan gabas ya tafi. Da lissafin wace ƙasa za a neme shi, tamu ko tasu? Shekara goma sha bakwai kana gaya wa baiwar Allah yana raye. Ka sani ne, ko kuwa sin ɗinka ne ya fi nauyi?"

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Ɗaya daga cikin Fulanin ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya fita. Kawu ya dubi abin da na rubuta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Lissafinka daidai ne. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba."

A lokacin ne na ji an ajiye ƙwarya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Mahaifiyata ce ta kawo fura za ta aiko da ita. Ban ga fuskarta ba, sawunta kawai na ji tana komawa.

Ranar Kawu bai shiga ya zauna a ƙofar ɗakinta ba. Da safe na je gaishe ta, na tarar ta kwance kitsonta, ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ɗaura wani tsohon zane. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce ta shiga takaba. Na fara bayani, cewa ba ta fahimce ni ba, ni ban ce ya mutu ba, cewa na yi lissafin gaba ɗaya ba ya nuna komai, takwas ɗin ma ba gaskiya ba ce. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ji. Ka ci abinci kafin motar ta tashi."

Na je yi wa Kawu sallama a rumfarsa. Yana auna wa wata mata kanwa. Ya ce, "Malam, za a koma? Allah ya kiyaye hanya." Tun da nake bai taɓa ce mini Malam ba.

Da na ba abokina labari, yana cikin yanka yadi, sai ya ajiye almakashin. Ya ce, "Hujja na ba ka, ban ce ka kai ta zaure ba." Na ce gaskiya ai gaskiya ce ko a ina. Ya ce haka ne, ya karɓi littafinsa ya mayar akwati. Bai ƙara tayar da maganar hisabi da ni ba.

Labari ya riƙa zuwa mini daga direbobi cewa Kawu ya daina lissafi. Wanda ya zo da tambaya sai ya ce masa ya je ya yi istihara. Wasu 'yan kasuwa kuma suka mai da abin wasa, in ya faɗi awon kanwa su ce, "Da na gabas ko da na yamma?" Yakan yi murmushi, in ji su. Ni kuwa a lokacin har ina ganin na yi aikin lada.

Bayan wata huɗu da kwana goma na kama gida mai ɗaki biyu na je na ɗauko mahaifiyata. Ba ta yi musu ba. A tunanina na 'yanto ta. Ta zauna a Nguru lafiya, tana kaɗi, tana yi mini tuwo, ta saba da maƙwabta. Sai dai ta rage magana.

Wata Juma'a da hantsi, ba aiki, ina zaune kusa da ita tana ɓarar gyaɗa. Ban san abin da ya kai bakina ba na ce, "Inna, da tun da wuri aka gaya miki gaskiya, da ba ki ɓata shekarun nan kina jira ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai a ganinka ban sani ba?"

Na dube ta, ta ci gaba da magana.

"Mutumin da in ya je cin kasuwar Karasuwa ya ga zai kwana, sai ya sami wanda zai aiko ya gaya mini. Shi ne zai yi shekara da shekaru bai aiko ba? Tun kana ɗan shekara goma na san ko ya mutu, ko ya zama na wasu. Aure kuwa ni ce ban so ba. Ba yayana ne ya hana ni ba. Sau biyu yana yi mini faɗa a kan mai raƙuman nan."

Na ce, to me ya sa take zama a yi lissafin?

Ta tara ɓawon gyaɗar gefe da hannu. Ta ce, "Ni ba na iya faɗin sunansa. Kai ma ba ka iyawa. 'Yan'uwansa sun koma Haɗeja, abokansa sun manta. A duk Gashuwa babu bakin da sunan nan yake fitowa sai na yayana, sau ɗaya a shekara. Ya faɗe shi, ya bi haruffansa ɗaya-ɗaya, ba ya gaggawa. In ya gama ya ce yana raye, ni kuma in ce alhamdu lillahi. Shi ya san na sani. Ni ma na san ya sani. Ba mu taɓa yin maganar ba."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ƙara da cewa, "Da ka faɗa a gaban maza, ai dole in yi takaba. Matar da aka ce a zaure mijinta ya mutu ba ta kwana da kitso."

Na tashi na fita, na bi layin dogo har na wuce inda ake loda shanu, na zauna a kan wani ƙarfe. Ban yi sallar Juma'a a cikin sahu ba ranar, a makare na isa.

Na yi niyyar zuwa Gashuwa in durƙusa a gaban Kawu. Wallahi na yi niyya. Abokina har ya ce zai rufe rumfa ya raka ni. Amma na ce bari a gama kwashe kayan da ke rumbu. Da aka gama na ce bari zafi ya sauka. Sai damina ta faɗi, hanya ta yanke, mota sai ta yi kwanaki ba ta wuce ba. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, kuma duk ƙarya ne. Mutane suna zuwa a kan jaki, suna zuwa a ƙasa. Kunya ce ta hana ni, da rashin sanin kalmar da zan fara da ita. Nakan shirya jawabin a raina, in ga ko dai ya zama na janye abin da na yi imani da shi, ko kuma ya zama sabuwar muhawara. Ban gane ba a lokacin cewa ba a bukatar jawabi. Da na je na zauna a rumfarsa na taya shi ɗaure kanwa, da ya wadatar.

Ƙarshen damina wani direba ya tsaya a bakin rumbu ya ce mini Kawu ya rasu shekaranjiya, zazzaɓi na kwana huɗu. Kafin mu isa da mahaifiyata har an yi sadakar uku.

A wurin zaman makoki na ga Goni. Ya tsufa sosai a 'yan watannin nan. Da mutane suka ragu ya kira ni da hannu, na matsa kusa. Ya tambayi aiki, ya tambayi Nguru. Sannan ya ce, "Littafin nan da ka kawo. Ka san kawunka ya san jerin gabas tun ba a haife ka ba? A wannan zauren muka yi shekaru muna musu a kai, ni da shi. Yana da amsoshi, wasu masu ƙarfi, wasu ba su da shi. Akwai guda biyu da har yau ban iya warware su ba."

Na ce, "To me ya sa bai faɗa ba ranar?"

Ya juya carbinsa. Ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila ya ga in ya amsa maganar za ta yi tsawo, ƙanwarsa kuma tana ciki. Wataƙila bai so ya kayar da ɗan da ya rena a gaban mutane ba. Wataƙila kuma a kan maganar mahaifinka ba shi da amsa. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce mini yaron ya iya lissafi, ya kawo wata hira."

Na roƙe shi ya gaya mini amsoshin biyun. Ya ce ba nasa ba ne, kuma ba zai iya faɗarsu yadda mai su yake faɗa ba.

Mahaifiyata ta yi shekara goma sha ɗaya a hannuna bayan haka. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Game da mahaifina kuwa, har yau ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba. Da Allah ya nufe ni da hajji, na yi tambaya a wurin 'yan ƙasarmu da suka zauna a can, babu wanda ya san shi.

In kun tambaye ni yau, ra'ayina a kan hisabi bai canja ba. Ban yarda sunan mutum yana ɗauke da ranar mutuwarsa ba, ban kuma taɓa bari a lissafa wa 'ya'yana suna ba. Da za a sake muhawarar, a ɓangaren da na tsaya nan zan sake tsayawa. Abin da ke damuna ba a nan yake ba. Na ga mutum biyu suna yin wani abu shekara goma sha bakwai, ban fahimce shi ba, sai na yanke cewa ɗaya macuci ne ɗaya kuma wawa, alhali su ne mutum biyun da suka fi kowa sona a duniya. Na tambayi littafi, na tambayi abokina, na tambayi kaina. Su kaɗai ne ban tambaya ba.

Shi ya sa yanzu in matasa suka zo mini da zafinsu, sun gano wani kuskure na iyayensu suna so su je su gyara, ba na ce musu ba su da gaskiya. Sau da yawa suna da ita. Nakan ce su fara zuwa su zauna, su ce, "Baba, me ya sa kuke yin haka?" su kuma jira amsa har ta ƙare. Wasu suna ji, wasu suna ganin tsufa ne ya sa na yi laushi. Ba na musu da su. Ni ma an gaya mini, a rumfar tela, ƙiri-ƙiri, na ce to.

Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan Inna. Ni kuma ya yafe mini.